Yadda Fenti Ya Gaji Rini a Madubin Bindigar Maharba

Sojan da ke kwance cikin ciyawa yana dakon abokin gaba babu abin da yake tsoro kamar ƙyalli. Da zarar rana ta daki ƙarfen madubin hangen da ke kan bindigarsa, asirinsa ya tonu. Ga kuma tsatsa. Shi ya sa ba a barin madubin da farin ƙarfensa.

Maƙeran bindiga na Turai sun daɗe da dabarar rina ƙarfe, kuma da tsatsar kanta suke yin ta. A shafa wa ƙarfen ruwan asid, a bar shi ya yi jar tsatsa, a tafasa shi har jan ya rikiɗe baƙi, a goge da burushin waya mai laushi, a yi ta maimaitawa, sai ya fito baƙi mai sirkin shuɗi. Daga baya aka samo hanya mai sauri, wato tsoma shi cikin ruwan soda mai zafin kusan digiri 140. Rinanne ne madubin PU da Tarayyar Sobiyet ta fara ɗora wa bindigar Mosin-Nagant a 1942, haka ma madubin Weaver da Amurka ta sa wa bindigar M1903A4.

Rini akwai kyau, sai dai ba shi da kauri. In aka yi sakaci da mai, laima da gumin hannu su cinye shi, kuma ba ya kama tagulla ko kaɗan.

A madubin Ingila mai lamba 32 aka fi ganin sauyin daga rini zuwa fenti. Don bindigar Bren aka tsara shi tun farko, sai ya ƙare a kan Lee-Enfield mai lamba 4, wadda kamfanin Holland & Holland ya riƙa gyara wa maharba daga 1942. A jikin madubin fenti har bayani yake yi. Jan harafin W na nufin an toshe shi ruwa ba ya shiga, shuɗin B kuwa shaida ce an shafa wa gilashin abin rage walƙiya, irin dabarar da Alexander Smakula ya fito da ita a kamfanin Zeiss a 1935. Bayan yaƙi, masu gyaran makaman sojan Birtaniya suka rungumi baƙin fenti Suncorite, dususu, ba ya ƙyalli. A 1970 aka sake wa bindigar Lee-Enfield ɗin fasali ta koma L42A1, da wannan tsohon madubin dai, ta je har yaƙin Falklands a 1982.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu tara kayan tarihi da ke kankare wannan fenti don su yi sabon rini, wai ya fi ban sha'awa. Jan W da shuɗin B tare da fentin suke tafiya, daga nan kuma sai an yi da gaske kafin a gane irin gyaran da sojoji suka yi wa madubin.