Daga "Taler" Zuwa "Dala": Tsokaci a Kan Kuɗaɗen Azurfa na Jamus

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsofaffin kuɗaɗen azurfa na Jamus da masu sha'awa ke tarawa hujja ce ga manazarcin tarihi da na harshe, muddin ya san yadda zai karanta shekarar da ke jikinsu.

2.0 Asalin Kalmar

A wajajen 1520 aka fara buga wani babban kuɗin azurfa a garin Joachimsthal na ƙasar Bohemiya. Jamusawa suka taƙaita sunansa zuwa "taler". Daga nan ne Ingilishi ya sami sunan kuɗin Amurka, Hausa kuma ta sami "dala", wadda ta ɗauki ma'anar sule biyu a Nijeriya, da faran biyar a Nijar.

3.0 Kuɗaɗen Tunawa

Sarakunan Jamus sukan buga tala ta musamman domin tunawa da wani babban al'amari. Masarautar Furusiya ta buga ɗaya a 1861 saboda naɗin Sarki Wilhelm na ɗaya, da wata a 1871 bayan ta ci Faransa da yaƙi. Nauyin kowacce giram 18.52 ne, kashi 90 cikin 100 azurfa. Shekarar da ke jikin irin wannan kuɗi shekarar al'amarin ce, shi ya sa masu tarawa ke daraja shi.

4.0 Liyari

Ba haka abin yake ga liyari ba, wato talar Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda fatake suka kawo ƙasar Hausa, har Heinrich Barth ya tarar ana canza dala a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma samfurin da aka buga a garin Günzburg, da ke cikin Jamus a yau, shi aka ci gaba da bugawa ɗauke da wannan shekara fiye da ƙarni biyu. Saboda haka 1780 a jikin liyari ba ta tabbatar da tsufansa.

5.0 Kammalawa

Liyari da dama da iyayenmu mata suka yi ado da su sun ƙare a wutar maƙeran fari. Ya kamata manazarta su auna waɗanda suka rage, su kuma rubuta sunayen da tsofaffi ke kiran su da su, tun kafin a rasa kuɗin da masu sanin sunan baki ɗaya.