Daga Askar Wanzami Zuwa Hannun Uba: Tarihin Askin Yara a Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Askin yaro ƙaramin aiki ne a ido, amma malaman fiƙihu sun ware masa hukunci, al'umma kuma ta ware masa mai sana'a. Wannan maƙala ta bi sawun yadda aikin ya faro a sunna, ya zauna a hannun wanzami, sa'annan ya koma hannun iyaye a ƙasar Zuru, domin a rarrabe abin da addini ya zo da shi da abin da al'ada ta jingina masa.

Tushen askin a sunna

Kafin Musulunci, Larabawa kan yanka dabba idan an yi haihuwa, su shafa jininta a kan jaririn. Musulunci ya tabbatar da yankan, ya kawar da shafa jinin. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin Samura ɗan Jundubu, wanda ya haɗa abubuwa uku a rana ta bakwai: yanka, da aski, da raɗin suna. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Nana Faɗima ta auna gashin Hasan da Husaini da Zainab da Ummu Kulsum, ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa.

Askin yaran da suka ɗan tasa ma yana da asali. Bayan shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ziyarci iyalansa, ya sa aka kira mai aski ya aske kawunan 'ya'yansa. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar hani a kan ƙaza'u, wato aske wani sashe na kan yaro a bar wani sashe. Jumhurun malamai sun ɗauki wannan hani a matsayin karhanci.

Littafin da ya fi isar da waɗannan hukunce-hukunce zaurukan ƙasar Hausa shi ne Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Ya bayyana cewa dabba ɗaya ta wadatar, ya so a yi sadaka da nauyin gashin na zinariya ko azurfa, ya kuma nuna ba a ƙirga ranar haihuwa cikin kwanaki bakwai. Wannan lissafi na Malikiyya ne ya sa jaririn da aka haifa da hantsin Litinin ake sunansa wata Litinin.

Zuwan wanzami ƙasar Zuru

Masarautar Zuru, mai ƙunshe da Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, mazauni ce ta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari. Tana cikin lardin Neja har zuwa 1976 da aka haɗa ta da jihar Sakkwato, sa'annan ta shiga jihar Kebbi da aka ƙirƙira a 1991. Mutanenta na da al'adunsu na gado, irin su bikin Uhola da aikin golmo, wanda saurayi ke yi wa surukansa noma kafin a ba shi mata.

Musulunci ya shiga yankin sannu a hankali ta hanyar fatake da malamai Hausawa da suka zauna a garuruwansa. Duk inda unguwar Hausawa ta kafu, akan sami liman da mahauci da wanzami, domin suna ba ya cika sai da su ukun: ɗaya ya yi addu'a, ɗaya ya feɗe rago, ɗaya ya yi aski. Da safiyar suna, bayan an raba goro, wanzami kan buɗe zabirarsa, ya wasa aska, ya jiƙa kan jariri, ya aske shi yana kiyaye maɗiga. Ladarsa kuɗi ne da hatsi da rabon nama. Sana'ar gado ce, kuma kowane gida na da wanzaminsa.

Sai dai zabirar ba aski kaɗai ta ɗauko ba. A zama guda wanzami kan cire beli, ya yi tsagar gado. Idan yaro ya fara tafiya, wasu iyaye kan sa a bar masa zanko ko tukku, ko don ado ko don neman tsari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a hadisin Samura, zanko da tukku kuwa su ne ainihin siffar ƙaza'u. Amma da yake hannu ɗaya ke yin su duka, jama'a da dama suka ɗauke su abu guda.

Komawar aski cikin gida

Abubuwa uku suka raunana matsayin wanzami a ƙarshen ƙarni na 20. Na farko, yaɗuwar makarantun Islamiyya da wa'azi ya sa iyaye suka fara tambayar hujjar tsaga da cire beli. Na biyu, bayan an sanar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, ma'aikatan lafiya sun yi ta gargaɗi a kan aska ɗaya ga kawuna da yawa, wadda ke iya yaɗa ita da ciwon hanta. Na uku, reza da almakashi da kilifa sun yi araha. A yau gidaje da yawa kan kira wanzami ranar suna kawai, da sharaɗin sabuwar reza, askin da ya biyo baya kuwa uba ke yi, uwa ta rungume yaron a cinya.

Wannan sauyi ya rage zubar da jinin jarirai ba bisa larura ba, amma ya zo da nasa giɓin. Wanzami na tuna wa gida da lokacin aski, yanzu kuwa akan yanka rago a manta da askin, balle sadakar nauyin gashi, wadda ba ta fi ƙarfin talaka ba. Ƙaza'u da ya fita da sunan zanko ya dawo da sunan yayi, ana kwaikwayon 'yan ƙwallo a kan yaro ɗan shekara biyu. Kilifar da ake aro tsakanin maƙwabta ba a tsabtace ba kuma tana iya yaɗa makero.

Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa shari'a ba ta ɗora hukuncin a kan mai riƙe da aska ba, ta ɗora shi ne a kan manufar aikin: kawar da ƙazanta daga kan yaro, da daidaita askinsa, da tuna mabuƙaci ranar farin ciki. Uban da ya karɓi aikin wanzami ya karɓi amanarsa tare da shi. Ya rage ga limamai da malaman Islamiyya na ƙasar Zuru su sanya wannan babi cikin karatun iyaye, kamar yadda suke karantar da hukuncin ragon suna. Allah ne Mafi sani.