Yaushe Tsibbu Ya Rabu da Karatu a Zangunan Kurmi?

Tun da gwamnatin Anambra ta kafa sabuwar dokar tsaro a Janairun 2025, aka shiga kamen masu asirin kuɗi. Bokayen Ibo dokar ta fi shafa, amma Bahaushen Anacha ko Enugu ko Fatakwal ba zai ce babu ruwansa ba, domin mu ma muna da masu shimfiɗa buzu a bakin kasuwa suna amsa sunan malam. Tambayar da ta taso tsohuwa ce: shin mai aikin asiri sai ya yi karatu, ko kwarjini da baki sun ishe shi?

Har masu tsara wasannin almara a Amurka sun yi fama da wannan tambaya. Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, matsafin wasan ɗan littafi ne: da kaifin ƙwaƙwalwa ake auna shi, yana haddace surkulle daga kundinsa, in ya yi aiki da shi sai ya ɓace masa, sai ya sake bita. A bugun shekarar 2000 aka ƙaro wani matsafin wanda baiwarsa a jini take, da kwarjini ake auna shi. Daga baya aka kawo na uku, mai ƙulla alkawari da wata halitta. Yaranmu da ke buga jikokin wannan wasa a waya sun ɗauka sabon abu ne. Kakanninsu sun daɗe da wannan rabo: malamin tsibbu, boka, ɗan bori.

Aikin boka da na bori sun girmi rubutu a ƙasar Hausa. Boka gado yake yi, ko ya ce iskoki suka ɗauke shi suka koya masa itatuwa. Ɗan bori girka ake yi masa. Babu wanda ya taɓa tambayarsu izu nawa suka sauke. Tun a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi tir da masu duba da da'awar sanin gaibu, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ma ya maimaita sukar a Nurul Albab.

Tsibbu kuwa a cikin karatu aka haife shi, kuma nan ne mutane suke mantuwa. A duba Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine. Ya yi karatu a Katsina da Barno, ya tafi aikin hajji, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake gina hatimi mai gidajen mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: a jera 1 zuwa 9 yadda ko a tsaye ko a kwance ko a karkace aka haɗa, 15 za a samu. Ƙara girman hatimin ka ga inda kai yake ɗaukar zafi. Yau masana tarihin lissafi ne suka fi ambaton sunansa. Mutum yana iya ƙin wannan fanni gaba ɗaya, malamai da yawa sun haramta shi, ni ma ba kare shi nake yi ba. Abin da ba za a iya musu ba shi ne, mai shiga cikinsa a wancan zamani sai ya san Larabci, ya san hisabin baƙaƙe, ya zauna gaban malami shekara da shekaru. Ko rubutun sha, gardin da bai iya zuba aya a allo ba tare da gyara ba, ba a ba shi.

To ina aka rabu? Wasu suna cewa bori ne ya cinye tsibbu. Ban yarda ba. Bori da malanta sun zauna gari ɗaya ɗaruruwan shekaru kowa ya san layinsa, har cikin iskokin bori akwai Malam Alhaji, dattijo mai tari da carbi, alamar cewa su ma 'yan bori sun san darajar mai karatu. Wasu kuma suna ɗora wa Izala laifin, wai tun da aka kafa ta a Jos a 1978 masu ilimi suka guje wa fannin, jahilai suka gaje shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai bayyana abin da ya faru a Kurmi ba.

Ni a ganina nisa da gida ne, da kuma yankewar da yaƙin basasa ya jawo. Maharban giwa da fatake daga arewa sun riga jirgin ƙasa isa gabas, kamar yadda Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka ta nuna a littafinta na 2011 kan shigar Musulunci yankin. Sannan aka gano kwal a Udi a 1909, aka fara gina Fatakwal wajen 1913, layin dogo ya haɗa ta da Enugu a 1916. Zanguna suka cika da mahauta, dillalan shanu, masu goro, kuma kowane maigida yana da malaminsa. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969: maigida ba ya ƙulla babban ciniki sai ya ji ta bakin malami. A irin wannan zama akwai sarkin Hausawa, akwai liman, akwai alarammomi. Baƙon da ya sauka ya ce shi malam ne, daren farko za a ji karatunsa a masallaci. Zaman ya yi ƙarfin da Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu a shekarun 1950.

Rikicin 1966 ya watsa wannan duka. 'Yan arewa suka bar gabas, yaƙi ya ci har Janairun 1970. Da aka dawo, dattawa da yawa ba su dawo ba, waɗanda suka maye gurbinsu kuma yawanci samari ne 'yan ci-rani, yau suna nan gobe sun tafi. Masu zuwa neman taimako ma suka canza. Ɗan kasuwar Anacha da ke son laya ba ya karanta Larabci, a wurinsa duk ɗan arewa mai hula malam ne. In an zana masa hatimi an jefa lambobi yadda aka ga dama, wa zai haɗa ya ga bai kai 15 ba? Abin da yake aunawa shi ne rawani, da sanyin murya, da yadda aka kalle shi. A nan kwarjini ya kori karatu, ba don wani ya yanke hukuncin haka ba, don babu sauran mai jarrabawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne malaman allo na gaskiya da ke waɗannan unguwanni, masu karantar da yaran mahauta da 'yan gwari bayan asuba, suna ɗaukar zargin da ba nasu ba. In aka kama mai damfara da rawani, sunansu ne yake ɓaci. Sarakunan Hausawa da limaman Anacha da Enugu da Fatakwal suna da ikon dawo da abin da zangon da can yake yi: duk wanda ya sauka da sunan malanta, a san malaminsa, a san garinsu, a ji karatunsa kafin a ba shi wurin shimfiɗa buzu.