David Crockett: Daga Fagen Yaƙi Zuwa Majalisar Amurka

An haifi David Crockett ranar 17 ga Agusta, 1786, a gabashin yankin da daga baya ya zama jihar Tenesi. A lokacin nan wurin bakin daji ne, inda Turawa 'yan ci-rani ke sarar gonaki a ƙasar 'yan asalin Amurka, waɗanda ake kira Indiyawa. Bashi ya yi wa mahaifinsa katutu, saboda haka David ya tashi da ƙodago da farauta, bai yi nisa a karatu ba.

A shekarar 1813 yaƙi ya ɓarke da wani ɓangare na ƙabilar Kirik. Crockett ya shiga sojan sa-kai ƙarƙashin Janar Andrew Jackson, yana leƙen asiri, yana kuma harbo wa mayaƙa namun daji idan abinci ya yanke. Yana cikin waɗanda suka auka wa garin Tallushatchee, inda aka hallaka Indiyawa da yawa. A 1818 aka zaɓe shi laftanar-kanar na mayaƙan gundumarsa.

Wannan suna da ya yi, da kuma iya barkwanci, su suka kai shi majalisar jihar Tenesi a 1821, sannan Majalisar Wakilai ta ƙasa a 1827. Babban burinsa shi ne talakawan da suka share daji su mallaki gonakinsu da araha, amma ƙudurin bai samu shiga ba.

Zakaran gwajin dafi ya zo a 1830, lokacin da Jackson, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya nemi dokar kwashe Indiyawa zuwa yammacin kogin Misisifi. Cikin wakilan Tenesi, Crockett kaɗai ya ƙi amincewa. Shugaban ƙabilar Ceroki, John Ross, ya rubuto masa wasiƙar godiya, amma mutanen mazaɓarsa, masu kwaɗayin filayen, suka kayar da shi a 1831. Ya dawo a 1833, ya sake faɗuwa a 1835.

Daga nan ya tafi Teksas, wadda ke tawaye ga Meksiko. Ya rasu ranar 6 ga Maris, 1836, sa'ad da sojojin Santa Anna suka ci sansanin Alamo bayan kwana 13 na ƙawanya. An fi tunawa da shi saboda wannan mutuwa, amma ƙuri'arsa ta 1830 ta fi nuna halinsa: mutumin da ya yaƙi Indiyawa a ƙuruciya, shi ne ya sadaukar da kujerarsa don kada a raba su da ƙasarsu.