Karen Uhlenbeck, Mace ta Farko da ta Lashe Kyautar Abel

An haifi Farfesa Karen Uhlenbeck a birnin Cleveland na Amurka a 1942. Tana cikin waɗanda suka aza harsashin reshen lissafi mai amfani da kalkulas wajen nazarin siffofi masu lanƙwasa.

Binciken da suka wallafa da Jonathan Sacks a 1981 ya ƙara haske kan shimfiɗu mafi ƙarancin faɗi, irin na kumfar sabulu. Aikinta kan lissafin Yang-Mills kuwa ya share wa Simon Donaldson fagen binciken da ya kai shi ga lambar Fields a 1986, shekarar da ita da Shing-Tung Yau suka fitar da nasu sakamakon.

A 2019 ƙasar Norway ta karrama ta da kyautar Abel.