Kofin Sudirman: Gasar da Ba a Cin Ta Sai an Haɗa Maza da Mata

A watan Afrilun 2019, a zauren wasanni na Alfred Diete-Spiff da ke Fatakwal, Najeriya ta doke Morishus da ci 3 da 2, ta zama zakarar Afirka a gasar badmintin ta tawagogin maza da mata. Ba a yi wata biyar ba ta sake maimaitawa a Maroko, inda ta kayar da Aljeriya a karawar ƙarshe ta Wasannin Afirka, ta rataya lambar zinare. Nasara biyu a shekara guda, amma labarin bai yi nisa ba a ƙasar Hausa. A Gwangwan da Rogo da Ƙaraye na jihar Kano, inda ɗan firamare zai jero maka 'yan wasan Real Madrid har da masu zaman benci, da wuya ka sami mai iya kiran sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo wa ƙasar wannan daraja.

Alhali kuwa wasan ba baƙo ba ne a Arewa. A shekarar 2000 garin Bauchi ne ya karɓi baƙuncin gasar badmintin ta nahiyar Afirka baki ɗaya, kuma a Abuja aka fara shigar da wasan cikin Wasannin Afirka a 2003. Ita kuma gasar tawagogin maza da mata tana da uwa a duniya, wadda duk ƙasar da ta ci kofin nahiyarta ke hari. Sunanta Kofin Sudirman.

Yadda ake karawa

Badmintin wasa ne da ake yi da raket da wata 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu 16, galibi na dinya ko na agwagwa, wadda nauyinta bai wuce giram 5 da ɗoriya ba. Filin tsawonsa mita 13.4 ne, faɗinsa mita 6.1, da raga a tsakiya. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan yara ne, amma a 2023 an auna bugun ɗan wasan Indiya Satwiksairaj Rankireddy, aka tarar ƙwallon ta tashi da gudun kilomita 565 a awa.

A Kofin Sudirman, ƙasa biyu kan yi wasa biyar a tsakaninsu: namiji da namiji, mace da mace, maza bibbiyu, mata bibbiyu, sai kuma wanda namiji ɗaya da mace ɗaya ke haɗuwa su fuskanci takwarorinsu. Ƙasar da ta ci uku ita ce ta yi nasara. Duk wanda ya yi lissafin zai ga inda gizo ke saƙar: wasa biyu kaɗai maza za su iya ci su kaɗai, mata ma biyu. Na ukun ba ya samuwa sai ɗaya ɓangaren ya sa hannu. Ko da ƙasa ta mallaki gwanin da babu kamarsa a duniya, in matanta ba su da horo, hannu rabbana za ta koma gida. Gasar ta fi kama da aikin gayya, inda ba a duba kunyar mutum ɗaya, sai a duba ko an gama gonar.

Ba a ba da kuɗi ga wanda ya ci. Abin da ake nema shi ne sunan ƙasa da makin da ke ɗaga matsayin 'yan wasa a duniya.

Mutumin da aka sa wa kofin sunansa

Hafsoshin sojan Birtaniya ne suka tsara wasan a garin Puna na Indiya a ƙarni na 19, suka kai shi Ingila, inda ya ɗauki sunan wani gidan sarauta da ake kira Badminton House. A 1934 aka kafa hukumar wasan ta duniya. Maza suka sami nasu kofin na ƙasashe, wato Kofin Thomas, wanda aka fara kammalawa a 1949, mata suka sami Kofin Uber a 1957. Aka yi shekara talatin da 'yan kai kowa yana nasa.

Dick Sudirman ɗan Indonesiya ne, an haife shi a 1922, kuma ilimin haɗa magunguna ya karanta. Yana cikin waɗanda suka kafa hukumar badmintin ta ƙasarsa a 1951, ya kuma shugabance ta shekaru da dama. Amma babban abin da duniya ke tuna shi da shi sulhu ne. A 1978 rikici kan kujerar Chaina da Taiwan ya raba wasan gida biyu, wasu ƙasashe suka ɓalle suka kafa tasu hukumar. Sudirman yana da abokai a kowane ɓangare, ya yi ta kai da komowa tsakaninsu har aka sake haɗewa a 1981. Wannan haɗewa ce ta buɗe wa Chaina ƙofar manyan gasa, ta kuma share fagen shigar wasan cikin Olamfik a 1992.

Ya rasu a ranar 10 ga Yunin 1986. Abokinsa Suharso Suhandinata ya rubuta wa shugaban hukumar duniya na lokacin, Arthur Jones, yana neman a kafa wani abu da zai riƙa tuna wa mutane da shi. Daga nan aka amince da sabuwar gasa wadda za ta haɗa maza da mata a tawaga guda, aka ba Indonesiya baƙuncin ta farko. A birnin Bandung aka ƙera kofin. Tsayinsa santimita 80 ne, na azurfa da aka shafe da zinare, jikinsa mai siffar ƙwallon gashin, a kansa kuma an ɗora siffar tsohon ginin tarihi na Borobudur.

Ranar da 'yar shekara 18 ta ceci ƙasarta

A ƙarshen watan Mayun 1989 ƙasashe 28 suka hallara a zauren Istora Senayan na birnin Jakarta. Mai masaukin baƙi da Koriya ta Kudu ne suka kai ƙarshe. Aka fara da maza bibbiyu, Koriya ta ci. Aka yi mata bibbiyu, Koriya ta sake ci. Saura wasa ɗaya kofin da ke ɗauke da sunan ɗan ƙasa ya bar ƙasar tun ranar farko.

Sai aka kira Susi Susanti, yarinya 'yar shekara 18 daga garin Tasikmalaya, ta fuskanci Lee Young-suk. Ta faɗi turmin farko da 10 da 12. A turmi na biyu Lee ta kai maki 10, saura ɗaya ta gama komai, domin a wancan zamani a maki 11 turmin mata ke ƙarewa. Susi ta ƙi sakin wasan, ta riƙa tsinto maki ɗaya bayan ɗaya har ta ci 12 da 10. A turmi na uku ba ta bar wa abokiyar karawarta ko maki ɗaya ba, aka tashi 11 da nema.

Daga nan iska ta juya. Eddy Kurniawan ya ci wasan maza, aka zama biyu da biyu, sannan Eddy Hartono da Verawaty Fajrin suka ci na namiji da mace, Indonesiya ta ɗaga kofin da ci 3 da 2. Bayan shekara uku Susi ta ciyo wa ƙasarta zinaren Olamfik a Basalona, a shekarar da Indonesiya ta fara samun zinare a tarihinta.

Tun daga 1989 ɗin Indonesiya ba ta sake cin kofin ba. Sau shida ta kai wasan ƙarshe, daga 1991 zuwa 2007, duk ana kayar da ita.

Zamanin Chaina

Duk shekara biyu ake yin gasar, kuma ƙasa uku kaɗai suka taɓa cin ta. Koriya ta Kudu ta ɗauka a 1991 da 1993. Chaina ta fara ci a birnin Lozan a 1995, daga nan kuwa sai ta mayar da kofin tamkar nata, domin zuwa gasar Xiamen ta 2025 ta ci sau 14. Sau biyu kaɗai aka ƙwace shi daga hannunta, a 2003 da 2017, kuma duk Koriya ce ta yi. A 2017 ɗin, a Gold Coast ta Ostareliya, sai da aka je wasa na biyar, inda matasa biyu, Choi Sol-gyu da Chae Yoo-jung, suka ci na namiji da mace suka kawo ƙarshen nasara shida a jere da Chaina ta yi. Daga wajen Asiya, Danmak ce kaɗai ta taɓa kai wa ƙarshe, a 1999 da 2011.

Sirrin Chaina ba ɓoyayye ba ne. Tana ɗauko yara maza da mata tun suna ƙanana daga makarantun wasanni na larduna, ta yi musu horo iri ɗaya, shi ya sa ko wani gwani nata ya yi tuntuɓe, akwai wasa huɗu da za ta nemi uku a cikinsu. An ga haka a Suzhou a 2023, lokacin da Japan ta shiga gabanta da 2 da 1, har ta sami dama huɗu ta gama da ita a wasan maza bibbiyu. Liu Yuchen da Ou Xuanyi suka kuɓutar da wasan, sannan mata bibbiyu suka zo suka rufe.

Rabon Afirka da na Najeriya

An kafa hukumar badmintin ta Afirka a 1977, aka kuma yi gasar nahiyar ta farko a 1979 a Kumasi, birnin da fataken Hausa suka daɗe da sani ta hanyar cinikin goro. Legas ta karɓi gasar a 1982 da 1988 da 1996, kafin gasar ta zo Bauchi. Shekaru da dama Najeriya da Afirka ta Kudu da Morishus ne ke juya akalar wasan a nahiyar. Grace Daniel ta ci zinaren mata a Abuja a 2003, tawagar Najeriya ta ci na ƙasashe a Aljes a 2007 da Maputo a 2011. Mazan ƙasar kuma sun wakilci Afirka a Kofin Thomas a 2008 da 2010, zamanin su Jinkan Ifraimu da Ibrahim Adamu.

A Fatakwal, ban da kofin tawaga, Anuoluwapo Opeyori ya ci na maza, Dorcas Adesokan ta ci na mata. Su biyun da Godwin Olofua sun je Olamfik na Tokiyo, Opeyori kuma shi ne ɗaya daga cikin biyun da suka riƙe tutar Najeriya a bikin buɗe na Faris a 2024. A Faris ɗin dai, a gasar masu buƙata ta musamman, Mariam Eniola Bolaji daga jihar Kwara ta ci tagulla tana da shekara 18. Kafin ita babu ɗan Afirka, namiji ko mace, da ya taɓa samun lambar badmintin a Olamfik ko a takwararta ta masu buƙata ta musamman.

Sai dai ƙofar Sudirman ta ƙuntata. A da ƙasashe da yawa kan shiga, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu. Daga 2021 aka taƙaita gasar ga ƙasashe 16, Afirka ta tsira da gurbi ɗaya. Masar ce ta cike shi a 2021 da 2023, Aljeriya a 2025. Najeriya ba ta samu ba ko sau ɗaya tun da aka yi wannan sauyi.

Abin da ya rage ga Kano

Akwai abin lura a jerin ƙasashen nan. Indonesiya, wadda ta haifi gasar, tana da Musulmi fiye da miliyan 200. Masar da Aljeriya da Malesiya duk ƙasashen Musulmi ne, kuma dukansu suna fitar da mata 'yan wasa. Dokar wasan ba ta hana suturta jiki ba. A 2011 hukumar duniya ta so ta tilasta wa mata sa siket, aka yi mata ca, ta janye. Soraya Aghaei ta Iran da hijabinta ta buga a Olamfik na Tokiyo. Raga ce ke raba abokan hamayya, babu gogayyar jiki. Ko wasan namiji da mace, wanda shi ne iyaye da yawa za su yi ɗari-ɗari da shi, Aljeriya ta nuna hanya: gwanayenta a wannan fanni, Koceila Mammeri da Tanina Mammeri, wa ne da ƙanwarsa, kuma tare suka je Faris.

Babbar matsalar wasan a ƙauye iska ce, don ƙwallon ba ta jure ko 'yar iskar yamma, balle ta hunturu. Shi ya sa a cikin zaure ake yin gasa. Amma a 2019 hukumar duniya ta fito da wata ƙwallo ta roba da aka tsara don bugawa a fili, tana kuma da shirin koyar da malaman makaranta da ta fara tun 2012. Makarantar da ke da ɗakin taro ko harabar da katanga ta kare tana iya farawa da raga ɗaya da raket huɗu, kuma makarantar 'yan mata za ta iya yin nata ba tare da namiji ya shiga ba.

Nan ne aiki ya rage wa hukumar wasanni ta jihar Kano da ƙananan hukumomin Rogo da Ƙaraye da shugabannin makarantu. A sa badmintin cikin wasannin makarantu, a horar da malamai mata tare da maza, a kuma shirya gasa tsakanin Gwangwan da maƙwabtanta a kan tsarin wasa biyar, yadda babu makarantar da za ta ci kofi da ɗalibai maza kaɗai. Najeriya ba za ta karɓe gurbin Afirka daga hannun Masar da Aljeriya ba matuƙar jiha mai yawan matasa irin Kano tana gefe tana kallo.