Yadda ake kulle wifi na gida don kada forfe ya ƙare a banza

Akwatin nan da ke raba intanet a gida, wanda muke kira modam, makulli biyu gare shi. Da yawanmu ɗaya kawai muka sani. Shi ya sa sai a sa forfe na wata guda, wani lokaci ma ɗan uwa ne ya aiko da kuɗin daga Abijan ko Libiya, amma kafin sati biyu ya ƙare, don rabin unguwa na sha a ciki.

Makulli na farko shi ne kod ɗin da muke ba waya ta kama wifi. Na biyu shi ne kod na shiga saitin akwatin kansa, wanda sau da yawa kalmar admin ce kawai daga kamfani. Duk wanda ya shiga nan, yana iya ganin kod ɗin wifi, ya canza shi, har ya kore mu daga namu.

Don gyarawa, mu haɗa waya da wifi ɗin, mu buɗe wurin da muke shiga shafukan intanet, mu rubuta lambar da ke manne a ƙasan akwatin. Galibi 192.168.1.1 ce ko 192.168.0.1, ƙananan modam na Huawei kuma 192.168.8.1. Mu fara canza kod na saitin, sannan mu nufi sashen tsaro.

A can za mu ga sunaye, kowane wata hanya ce ta rufe bayanan da ke yawo tsakanin waya da akwati. WEP tsoho ne, tun 2001 aka gano yadda ake fasa shi, kada mu zaɓe shi. WPA2, wanda ya fito a 2004, har yanzu yana da ƙwari in an haɗa shi da AES. WPA3 na 2018 ya fi su duka, sai dai tsofaffin wayoyi ba sa kama shi.

Kod ɗin wifi ba ya gaza harufa 8, amma gara ya kai 12, a gauraya harufa da lambobi. Ban da lambar waya, ban da sunan yaro. Mu kuma kashe WPS, don tun 2011 aka nuna ana iya cankar lambarsa.

Sai mu tuna, wayoyin yanzu na nuna kod ɗin ga wani ta hoton QR. In mun ba mutum ɗaya, kamar mun ba abokansa ne. Mu riƙa duba jerin wayoyin da ke haɗe, in mun ga baƙuwa mu canza kod. In kuma mun manta na saitin, danna ɗan maɓallin baya na kamar daƙiƙa 10 na mayar da akwatin yadda aka sayo shi, sai a sake kulle shi daga farko.